Ganuwar Sur a Kan Teburin Nazih

Nazih Itani mai haɗa haƙoran roba ne a birnin Beirut. Ɗakin aikinsa yana cikin wani tsohon bene a unguwar Mazra'a, bisa shagon mai sayar da labule. Likitocin haƙori ke aiko masa da zubin bakin mutane, shi kuma ya duƙufa ƙarƙashin fitila yana sassaƙa, yana gogewa, yana gauraya launi har sai sabon haƙori ya saje da 'yan'uwansa. Bai taɓa ganin masu bakunan ba, kuma hakan ya yi masa daidai, domin shi ba ma'abocin magana ba ne. Ko gaisuwa aka ja masa da tsawo, da ka yake amsa rabinta.

Yana yaro aka yi yaƙin basasa. In harbi ya yi tsanani, mutanen benensu sukan sauko su cunkushe a ƙarƙashin matakala, maza na sauraron rediyo, mata na raba burodi. Shi kuwa yana da wata jaka ta 'yan sojojin roba da kawunsa ya kawo masa, duk kore, ba a gane wannan daga wancan. Sai ya riƙa ɗaukar jan farcen yayarsa yana shafa musu a hula da ɗamara, don ya san wa ke ɓangaren wa. Yaƙi ya ƙare, ya girma, ya koyi sana'a, ya auri Ibtisam, suka haifi ɗa guda, Rami, wanda yanzu yake aiki a Kanada. Amma hannun nan bai daina neman ƙaramin abin da zai shafa wa launi ba.

Wata rana ya tsallaka Burj Hammud, unguwar Armeniyawa, yana neman gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. A tagar wani shago, tsakanin agogunan hannu, sai ya ga jerin mahaya dawaki na dalma, kowanne bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Mai shagon, wani ƙato mai gashin baki da murya kamar ganga, ya leƙo.

"Malam, kallo ba laifi ba ne, amma ka tare mini haske."

"Wa ya yi musu fenti?" in ji Nazih.

"Ni nan, Garo Manukiyan. Ba su yi ba ne?"

Nazih ya ce, "Dawakan kamar an tsoma su a miya."

Garo ya ƙyalƙyale da dariya har sai da ya dafa ƙofa. "Shigo, shigo, ɗan rainin wayo! Araksi, ɗora gahawa, ga wani ya biyo ni har gida ya zage ni."

A bayan shagon akwai wani ɗaki mai faffaɗan tebur, nan Garo ya koya masa wasan. Ana shimfiɗa fagen fama a kan tebur, da tuddai da koguna da gidaje na kwali da soso. Kowa ya jera rundunarsa. Da tef ɗin awo ake auna iyakar tafiyar kowace ƙungiya, in an yi arangama kuma sai a jefa ƙwayoyi irin na ludo, su ke faɗin wanda ya faɗi da wanda ya tsaya. Daga ranar, duk Alhamis da la'asar Nazih yana can. Furfura ta fito musu a bakin teburin nan.

Aikin ya raba kansa da kansa. Nazih ke gini da fenti, Garo ke riƙe da dokokin wasa a ka, kuma shi ke da baki. Kowace shekara masu irin wannan sha'awa sukan taru a babban ɗakin taron wata makaranta, masu kati a nan, masu wasan allo a can, masu sojojin dalma a ƙuryar da ta fi haske. Teburin Garo da Nazih ne kullum ya fi cika. Garo zai tsaya a kai yana kiran masu wucewa, ya damƙa wa baƙo runduna, ya zuga shi, ya yi masa ba'a in ƙwaya ta juya masa baya, ya yi kukan giwa in ana buƙatar giwa. Nazih yana gefe a kan kujera da kwalbar gam, yana jiran abin da zai karye. In an yaba kyan sojojin, Garo ya nuna shi da haɓa ya ce, "Wancan beben ne ya yi. Kada ku gode masa, kunya za ta kashe shi."

Babban burinsu shi ne tsohon birnin Sur, lokacin da yake tsibiri, Girkawa suka zo suka cike teku da duwatsu don su isa ganuwarsa. Sun kwashe shekaru suna haɗa shi. Nazih ya yanka ganuwar daga farin soson da ake kare firji da shi, ya zana mata dutse bayan dutse da tsinin wuƙa. Ya yi jiragen ruwa masu filafilai sirara kamar ashana, da hasumiyoyin katako masu taya, da 'yan baka a kan bango, kowanne da irin fuskarsa. Suka gama a farkon bazara, aka sa sunansu a taron shekarar.

Saura 'yan makonni, wata safiya, Araksi, matar Garo, ta kira shi a waya. Garo ya faɗi a shago, yana asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Nazih ya ce, "To." Ya ajiye wayar, ya ƙarasa goge haƙorin da ke hannunsa, ya wanke kayan aiki ya jera su, ya kulle ɗaki, sannan ya tafi. A hanya yana ta jiran abin ya buge shi. Bai buge shi ba.

Ya sami Garo kwance, bakinsa ya karkace, ido ɗaya a lumshe. Ƙaton nan ya koma kamar rigar da aka cire aka yar a kan gado. Ya ga Nazih, ya yi ta kokawa da harshensa, can sai kalma ɗaya ta fito tar.

"Jaki."

Araksi ta rufe fuska da hannu. "Ita kaɗai ta rage masa. Likita ya zo, jaki. Limamin cocinmu ya zo, jaki. Sun ce haka ciwon yake yi wa wasu, ya kwashe komai ya bar zagi."

Nazih ya ja kujera ya zauna. Ya kalli robar ruwan da ke ɗiga, ya kalli hannun daman da ke kwance kamar ba na kowa ba. Ya laluba cikin ransa, ya ji kamar dasashin da aka yi wa allura: ka san yatsa na taɓa shi, amma ba ka ji.

Haka makonnin suka wuce. Yana zuwa aiki, yana zuwa asibiti, bayan an sallami Garo yana zuwa gidansu. Yana cin abin da aka ajiye masa, ba ya iya faɗin ko da gishiri. Ran Alhamis da la'asar sai ya tsinci kansa a mota, ya kama hanyar Burj Hammud, sai a gada ya tuna, ya juyo. Ibtisam ta zuba masa ido har ta gaji.

"Abu Rami, ka yi wani abu mana. Ka yi kuka, ko ka fasa faranti, ga su can da yawa."

"Lafiyata lau."

"Wannan lafiyar ce ke ba ni tsoro."

Da masu shirya taron suka kira, cikin lallashi, suka ce in yana so za su ba wasu gurbin teburin, ya ce a bar shi. Bai san dalilin da ya sa ya faɗi haka ba. Kayan suna nan cikin akwatuna, ranar kuma tana zuwa, shi ke nan.

Ranar taron, wata Asabar, ya yi sammako ya loda mota. Shi kaɗai ya shimfiɗa shuɗin teku, ya kafa tsibiri, ya jera jirage. Ɗakin taron ya cika da hayaniya da ƙamshin burodi mai yajin za'atar, matasa da jakunkuna a baya, iyaye da 'ya'ya a kafaɗa. Mutane suka yi dafifi a teburinsa suna ɗaukar hoto. Kusan kowa sai ya tambaya, "Ina Garo?" Ya ce, "Ba ya jin daɗi." Su ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce amin.

Da lokacin wasa ya yi, ya miƙe a inda Garo ya saba tsayawa, ya fara bayanin dokoki. Muryarsa ba ta wuce gefen tebur ba. Yana kallon ganuwa yana magana, kamar mai karanta wa kansa takardar magani. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka zame, har saura biyu da suka saba zuwa kowace shekara: Lamis, wata mai kantin magani mai gajeren gashi da tabarau, da Walid, wani direban motar haya mai tumbi, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya yi shiru ba.

"Kawu Nazih, ba ni Girkawa," in ji Walid yana naɗe hannun riga. "Yau sai na ci abincin rana a cikin birnin nan."

"Kai da ko layin burodi ba ka iya ci," in ji Lamis. "Ni a ba ni ganuwa."

Aka fara. Walid yana tura duwatsu cikin teku, hanyarsa tana matsowa, Lamis tana zuba masa kibau. Nazih yana aunawa, yana ƙirga ƙwaya, yana ɗauke waɗanda suka faɗi yana sawa a kwali. Wutar lantarki ta ɗauke, ɗakin ya yi "Ooo" baki ɗaya, janareto ya tashi, aka ci gaba. Can Walid ya miƙa hannu zai matsar da jirgi, tumbinsa ya shafi babbar hasumiyar, ta kife, ta rabu gida biyu, 'yan bakan cikinta suka watse a teku.

Walid ya dafe kai. "Wayyo, na shiga uku. Kawu, wallahi ban gani ba. Ka yafe mini, ka mare ni ma in kana so."

Hasumiyar nan lokacin sanyi guda ta cinye wa Nazih. Ya tsaya yana kallonta. Da a da ne, da ransa ya ɓaci. Ya ɗauko gam, ya haɗa ɓangarorin, ya riƙe su har suka kama.

"Ba komai," ya ce. Kuma da gaske yake, ba komai ɗin.

Ana cikin haka sai mutane suka fara darewa daga bakin ƙofa. Araksi ce ke turo keken guragu, Garo a ciki, an yi masa aski, an sa masa rigarsa ta zuwa coci, an ɗora hannun daman a kan cinya. Tana haki ta tsayar da keken a gefen tebur.

"Tun safe yake nuna ƙofa yana zagina. Ga shi nan, ku ji da shi."

Masu tebura na kusa suka taso suna gaishe shi, wasu na sumbatar goshinsa, wasu sun tsaya nesa ba su san inda za su sa idonsu ba. Garo bai kula kowa ba. Ganuwa yake kallo. Bai taɓa ganin birnin a kafe gaba ɗaya cikin haske irin wannan ba.

Lamis ta matsar da kujerarta. "Kawu Garo, zo ka taya ni, wannan mai tumbin zai cinye mu."

Ta sa masa ƙwayoyi a hannun hagu, ta naɗe masa yatsu. Ya jefa, biyu suka faɗa ƙasa, ɗaya ta gangara ƙarƙashin kekensa. Aka tsinto, ya sake, har suka zauna a tebur. Nazih ya ƙirga, ya ce mutum uku na Walid sun faɗi, ya miƙa hannu zai ɗauke su.

"Jaki!"

Kowa ya juyo. Garo yana buga hannun keke, yana nuna bango da haɓa. Nazih ya dubi inda yake nunawa.

"Oho," in ji Lamis. "Daga saman ganuwa muke harbi. Akwai ƙari, ko ba haka ba, Kawu?"

"Jaki," in ji Garo a hankali, yana gyaɗa kai.

Walid ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi shi. Nazih ya ɗauke mutum na huɗu. Kafin a jima Lamis ta gane yaren. Akwai jakin da ke nufin a'a, akwai na e, akwai mai tsawo da ke nufin yi sauri. Ta riƙa nuna ƙungiya tana kallon fuskarsa, tana fassara wa jama'a. "Ya ce a fito da jirgin wuta. Ya ce Walid bai san hagunsa da damansa ba." Walid ya ce, "Wannan ke kika ƙara!" Mutanen da suka zame ɗazu suka dawo, har da waɗansu. Jirgin wuta ya fita daga tashar Sur, ƙwaya ta ba da sa'a, ya ƙone wa Girkawa hasumiyar da aka liƙa ɗazu. Aka yi shewa. Rabin bakin Garo ya ɗaga sama.

Nazih yana tsaye a tsakiyarsu da tef a hannu. Yana ganin komai, yana jin komai, amma kamar ta bayan gilashin mota. Ya san wannan wurin dariya ne, ya ja leɓensa yadda ake yi.

Garo bai kai ƙarshen wasan ba. Bayan azahar kansa ya fara rinjaya, ƙwayoyin suka zube daga hannunsa, ya yi barci, miyau na bin gefen bakinsa. Araksi ta goge masa da hankici, ta juya keken. Nazih ya bar wa Lamis tef ɗin, ya raka su. A barandar makarantar akwai matakala, sai da ya kama gaban keken suka sauke shi tare. A ƙasa Araksi ta tsaya tana gyara wa mijinta wuyan riga, ba ta kalli Nazih ba.

"Raffi ya gama mana takardu. Marsiliya za mu koma, wurinsa. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga mutumin nan ba, bayana ya ƙare."

Raffi ɗansu ne, ya daɗe a Faransa. Nazih ya ce, "Ya kyauta. Can akwai kulawa."

Ta ɗago kai. "Shi ke nan? Rabin rayuwarka kana shan gahawata, abin da za ka ce ke nan? Ya kyauta?"

Ya tsaya yana kallon tayar keken. "Araksi, ban san inda abin ya shiga ba. Kullum ina nema. In na sa hannu sai in ji wayam."

Ta daɗe tana dubansa, fushin ya sauka daga fuskarta. "Ni ma sai da na ƙona tukunyar wake tukuna. Na zauna a ƙasan kicin ina yi wa wake kuka kamar mahaukaciya." Ta ja numfashi. "Je ka, sun bar maka yaƙi a tebur."

Ya tare musu mota, shi da direban suka ɗaga Garo suka sa a baya, aka naɗe keken. Da ya koma ciki ya tarar rundunar Walid ta fasa ganuwa ta kudu, shi kuma yana zagaya tebur yana rawa, Lamis na cewa ai don Kawu Garo ya tafi ne. Nazih ya ce an yi wasa mai kyau. Ya naɗe kowane jirgi cikin auduga, ya mayar da birnin akwatuna, ya loda mota. A gida Ibtisam ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "An ci birnin."

Da lokacin kaka ya zo suka tafi. Shi ya kai su filin jirgi. Ya duƙa ya rungumi Garo a cikin keken, ya ji ƙasusuwan kafaɗarsa, ya miƙe, ya ɗaga hannu har suka shige. Shagon agogo ya koma na masu sayar da waya. Babban teburin bai shiga ƙofar gidan Nazih ba, sai ya ba wasu matasa masu wurin shan gahawa, inda ake taruwa wasa a ƙarshen mako. Sojojin Garo kuwa suna saman kabad ɗinsa, bai buɗe su ba.

Da shekara ta zagayo, ya sake karɓar tebur a taron. Lamis ce ke kiran mutane yanzu, tana da baki daidai gwargwado, Walid kuma an hana shi matsowa kusa da duk abin da ke da tsawo. Nazih yana gefe da kwalbar gam. Har yanzu yana haɗa haƙora, sai dai idonsa ya fara gajiya da wuri, ya rage karɓar aiki.

Ran Lahadi da hantsi Araksi takan kira ta bidiyo, ta jingina wayar a gaban mijinta ta tafi harkarta. Nazih ma ya jingina tasa da gwangwanin buroshi, ya ci gaba da fenti. Wani lokaci ya ɗaga soja zuwa fuskar wayar, Garo ya ƙura masa ido, ya gyaɗa kai ko ya kau da fuska. Ko kalmar nan ɗaya yanzu ba kullum take fitowa ba. Sukan zauna haka har Garo ya yi gyangyaɗi, ko wuta ta ɗauke a Mazra'a hoton ya tsaya cak. Sai Nazih ya kife wayar, ya wanke buroshi, ya je ya ci abincin rana.